Darasi: Ɗakin Auta Ya Zama Fanko

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake ba bawa ƴaƴa a lokacin da ya so, yake kuma nisanta su daga gare shi a lokacin da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ciwo da ya shiga gidaje da yawa, amma ba a cika faɗinsa a bainar jama'a ba, wato halin da uwaye suke shiga idan ɗiyansu suka watse, gida ya rage daga tsoho sai tsohuwa. Za mu ɗora darasin a kan labarin wani dattijo daga cikin masu salla a bayanmu, da izininsa, ba tare da ambaton sunansa ba.

1. Mafarin zance

Wannan dattijo asalinsa mutumin ƙasar Katsina ne. Kasuwanci ya kawo shi Maraɗi shekaru masu yawa, ya zauna da iyalinsa, amma bai bar takardunsa na Najeriya ba, kuma can wajen dangi ɗiyansa suka yi karatun boko. Ƴaƴansa mata duk an kai su ɗakunansu. Babban ɗansa yana ci-rani. Saura auta, wanda shi ne mai buɗe shago da safe, shi ne kuma mai riƙe masa buta idan za shi masallaci. Wannan auta ne ya nemi aikin sojan ruwan Najeriya, aka ɗauke shi, ya yi wajen wata shida yana horo a Onne, kusa da Fatakwal, daga nan aka tura shi Ikko, aka sa shi cikin jirgi.

Wata rana bayan sallar asuba, da mutane suka watse, sai dattijon nan ya matso kusa ya zauna. Muka gaisa, muka ce masa: "Baba Alhaji, lafiya dai ko?"

Ya ce: "Allah ya gafarta Malam, lafiya lau, sai dai gidan ne. Uwar yaran nan har yanzu idan ta kwashe tuwo sai ta zuba rabon yaron ta rufe, da safe ta ba almajirai. Kullum sai ta share ɗakinsa. Salula a ƙarƙashin matashinta take kwana. Idan jirginsu ya shiga teku sai a yi mako uku ba a ji muryarsa ba, ita kuwa ba barci ba abinci."

Muka ce: "To kai fa, Baba?"

Ya yi shiru, can ya ce: "Ni ban yarda da tafiyar ba. Ran da zai tafi ya durƙusa a gabana, na kau da kai, ban sa masa albarka ba. Yau wata goma sha ɗaya, idan ya kira uwarsa ya ce a ba ni, sai in tashi in fita. Yanzu kuwa tsoro nake ji, kada ruwa ya ci shi ina fushi da shi, ko ni in mutu a haka."

Tambayoyinsa uku ne. Shin aikin teku aiki ne da addini ya sani? Shin yaron ya saɓa wa mahaifinsa? Shin kukan uwar da damuwarta raunin imani ne? Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, domin amsoshin sun shafi duk wanda ɗansa yake bariki a Tondibiya ko Agadas ko Difa, da wanda nasa yake karatu ko neman abinci a wata ƙasa.

2. Dalilin da ya sa rabuwa ta fi ciwo a yau

Tafiya ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun yi fatauci zuwa Gwanja sun kawo goro, wasu sun tafi Makka a ƙasa ta hanyar Sudan, sun yi shekaru kafin su komo. A yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, da na 1939 zuwa 1945, Turawan mulkin mallaka sun kwashi samari daga ƙasashenmu sun ƙetara teku da su. Har yanzu kuma idan aka gama girbi garuruwanmu suna zama sai mata da tsofaffi saboda ci-rani.

Abin da ya sāke shi ne tsarin gida. A da gandu ake yi: uba da ƙannensa da ƴaƴansu da jikoki duk a cikin danga guda. Idan ɗaya ya tafi, goma suna nan. Tsohuwa ba ta rasa jikan da za ta goya, tsoho ba ya rasa wanda zai aika. Yanzu kuwa a birni kowa ya ja katangarsa ya sa ƙofar ƙarfe, ɗa yana yin aure ya kama haya a wata unguwa. Ran da na ƙarshe ya fita, sai miji da mata su wayi gari su biyu, alhali shekara talatin duk hirarsu a kan yara take.

Akwai kuma al'adarmu ta kunya da kara. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, uba ba ya nuna ɗoki a kan ɗansa a gaban mutane. Wannan tarbiyya ce mai kyau a wurinta, amma takan hana mutum ya buɗe baki ya ce yana kewa. Sai abin ya taru a ciki, ya fito da siffar fushi a wajen namiji, ya fito da siffar ciwo a wajen mace.

Aikin ruwa kuwa yana da ƙarin nauyi a kan mutanen ƙasarmu. Nijar ba ta da bakin teku, ba ta da rundunar teku. Mafi yawanmu babban ruwan da muka sani shi ne gulbi idan ya kawo da damina, ko kogin Kwara a Yamai. Daga Maraɗi zuwa Ikko akwai fiye da kilomita 1000. Uwar da ɗanta yake bariki a tudu tana iya kwatanta inda yake kwana a cikin ranta. Wadda nata yake cikin teku ba ta da abin kwatantawa, kuma abin da ba a sani ba ya fi ban tsoro.

3. Teku a tarihin Musulmi da hukuncin aiki a cikinta

Sai mu sani cewa Musulmi sun hau teku tun Manzon Allah (S.A.W.) yana Makka. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha a shekara ta biyar bayan aiko shi, a jirgin ruwa suka ƙetare. Kuma Imamu Maliku ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa wani mutum ya tambayi Annabi game da alwala da ruwan teku, saboda sukan hau jirgi da ɗan guzurin ruwa kaɗan, sai ya halatta masa alwala da shi, ya kuma halatta masa naman abin da ya mutu a cikinsa.

Tsoron teku ma ba mu muka fara shi ba. Malaman tarihi sun ambata cewa Mu'awiya (R.A.), lokacin yana gwamnan Sham, ya nemi izinin Sayyidina Umar (R.A.) ya fita da runduna ta ruwa. Umar ya nemi Amru ɗan As ya siffanta masa teku, da ya ji siffar sai ya hana, don tausayin rayukan Musulmi. Sai a zamanin Sayyidina Usman (R.A.) aka ba da izini, da sharaɗin kada a tilasta wa kowa, sai wanda ya zaɓa da kansa. A shekara ta 28 bayan Hijira, bisa zance mafi shahara, wato wajen 649 ta miladiyya, rundunar ta fita zuwa tsibirin Ƙubrus.

A cikin wannan runduna akwai wata baiwar Allah, Ummu Haram ƴar Milhan (R.A.), matar Ubada ɗan Samit. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yi barci a gidanta, ya farka yana murmushi, ya ba ta labarin an nuna masa wasu daga al'ummarsa suna hawan teku saboda Allah. Ta roƙe shi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu, ya kuwa yi. Bayan shekaru ta tafi tare da mijinta, kuma a can ta rasu, da dabbar da ta hau ta kā da ita bayan an sauka daga jirgi. Mu lura da wannan da kyau: ta ƙetare tekun lafiya, a tudu ajali ya same ta.

Rundunar da yaron nan ya shiga an kafa ta a 1956. Daga cikin aikinta akwai tsaron jirage daga ƴan fashin teku. A shekarar 2020 kaɗai an sace ma'aikatan jirage 130 a mashigin tekun Gini. Mu da muke nesa abin ya shafe mu, domin shinkafa da magani da kayan gini da ake saidawa a kasuwanninmu, yawancinsu ta tashoshin ruwa irin na Lome suke shigowa. Kare rai da dukiya daga ɗan fashi aiki ne na halal, kuma mai yin sa da kyakkyawar niyya yana da lada, muddin bai zalunci kowa ba, bai ci rashawa ba, bai bi umurnin da yake saɓon Allah ne ƙarara ba.

Uwaye da yawa suna tsoron kada ɗansu ya bar salla a can. To, fiƙihunmu bai bar mai jirgi a baya ba. Zai yi alwala da ruwan teku. Zai fuskanci alƙibla, idan jirgi ya juya ya juya tare da ita gwargwadon iko. Zai yi salla a tsaye, idan igiyar ruwa ko jiri suka hana shi sai ya zauna. Idan tafiyar ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, zai yi ƙasaru, kuma malaman Malikiyya sun ce ko wanda aikinsa ke nan kullum yana da wannan rangwame. A barikokin sojan Najeriya akwai masallatai da limamai. Wanda aka yi wa tarbiyya a gida zai sami inda zai sa goshinsa.

4. Haƙƙin hanawa da haɗarin baki

Game da tambaya ta biyu, ba za mu ɓoye gaskiya don mu faranta wa samari rai ba. Mahaifi yana da haƙƙi. Ya tabbata cewa wani mutum ya zo wajen Annabi (S.A.W.) yana neman fita yaƙi, da Annabi ya ji mahaifansa suna da rai, sai ya mayar da shi ga hidimarsu. Shehu Halilu kuma a cikin Muhtasar ɗinsa, a babin jihadi, ya ambata cewa uwaye suna iya hana ɗansu abin da ba farillan ainihi ba ne a kansa, ya kuma kawo zancen tafiyar teku da tafiya mai haɗari. Saboda haka yaron da ya sa ƙafa ya fita alhali mahaifinsa bai yarda ba ya yi kuskure, kuma wajibi ne ya nemi gafara.

Amma muka ce wa dattijon: haƙƙin da yake naka kana da ikon ka yafe shi, kuma yafewar ta fi. Yaron ya riga ya ɗauki alkawari, ya yi rantsuwa, idan ya gudu yanzu doka za ta kama shi, a ɓata masa rayuwa. Ya durƙusa a gabanka, kuma wata goma sha ɗaya yana neman muryarka. Wannan ai shi ne neman gafara. Saura naka.

Sa'an nan mu duba zukatanmu, mu tambayi kanmu dalilin hanawar. Idan uba ba shi da mai jinyarsa, ko ba shi da mai ciyar da shi, wannan uzuri ne mai ƙarfi. Idan kuwa don shago ne, ko don kada a ce ɗa ya ƙi bin sana'ar gida, to mu tuna cewa ɗa amana ce a hannunmu, Mai amanar kuma ya rubuta masa inda zai ci abincinsa tun yana cikin uwarsa. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, na tsuntsu kuma ba ya zama a rijiya.

Babban abin tsoro shi ne baki. Addu'ar mahaifi a kan ɗansa tana cikin addu'o'in da ba a mayarwa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya hana mu yin mummunar addu'a a kan kanmu da ƴaƴanmu da dukiyarmu, don kada ta dace da sa'ar karɓa. Labarin Juraiju mai ibada sananne ne: kalma guda ta mahaifiyarsa cikin fushi sai da ta same shi, duk da ibadarsa. Sau nawa muka ga uwa ta ce wa ɗanta "je ka, ka gani", sa'an nan ta ƙare rayuwarta tana kukan abin da ya gani? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

5. Zuciyar uwar Annabi Musa da idanun Annabi Yaƙubu

Game da tambaya ta uku, Allah ya ba mu labarin wata uwa a cikin Suratul Ƙasas, wadda ita ce madubin duk macen da ruwa ya ɗauke mata ɗa. Uwar Annabi Musa (A.S.) da hannunta ta sa jaririnta cikin akwati ta saka shi a kogi, bisa umurnin Ubangijinta, tare da alkawarin za a mayar mata da shi. Duk da wannan alkawari, da gari ya waye babu abin da ya rage a zuciyarta sai tunaninsa, har ta kusa tona asirin da kanta, ba don Allah ya ƙarfafe ta ba. Allah bai zarge ta a kan haka ba. To idan wadda aka yi wa alkawari daga sama ta ji wannan raɗaɗi, don me za mu ce wa tsohuwarmu ba ta da tawakkali don ta yi hawaye?

Mu duba kuma abin da ta yi bayan haka. Ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Ta aiki ƴar'uwarsa ta bi sawunsa daga nesa, cikin hikima da ɓoye sirri, kuma ta wannan hanya ce Allah ya mayar mata da shi. Ke nan dogaro ga Allah da neman labari ta hanyar da ta dace tare suke tafiya.

Ga maza kuwa akwai Annabi Yaƙubu (A.S.) a cikin Suratu Yusuf. Annabi ne ɗan Annabi, amma baƙin cikin rabuwa da ɗansa sai da ya tafi da ganinsa. Abin da ya kiyaye shi ne harshensa: ya kai kukansa ga Allah, bai yanke ƙauna ba, ya kuma aiki ƴaƴansa su je cigiya. Da waɗanda suka cuce shi suka zo suna neman gafara, bai kore su ba. Shi ma shugabanmu (S.A.W.) idanunsa sun zubar da hawaye ran da ɗansa Ibrahim ya rasu a Madina, ya kuma bayyana wa sahabbai cewa wannan rahama ce, abin kiyayewa shi ne faɗin abin da Allah ba ya so.

Saboda haka hawaye da kewa babu laifi a cikinsu. Laifi yana farawa ne daga inda aka munana zato ga Allah, ko aka bar jiki ya lalace da gangan, ko aka nemi mafita ta hanyar haram.

6. Nasiha ga uwayen da gida ya yi wa faɗi

Na farko, a mayar da lokacin fargaba ya zama lokacin addu'a. Wadda ba ta iya barci a sulusin dare na ƙarshe, ta sani an tashe ta a sa'a mafi tsada. Ta yi alwala, ta yi nafila, ta ambaci ɗanta da sunansa a gaban Allah, a nan babu kunya babu kara.

Na biyu, a nisanci boka da ɗan duba. Mun san akwai masu karɓar jikkuna da tumaki a hannun tsofaffi da sunan kiranye, wai za a ɗaga hankalin yaro ya bar aikinsa ya komo gida. Wannan ɓata ce a addini, kuma zalunci ne ga yaron. Gaibu Allah kaɗai ya san shi.

Na uku, a yi hattara da salula. Ba duk hoton jirgin da ya nutse da ake turawa ta WhatsApp ne gaskiya ba, wasu tsofaffi ne, wasu na wata ƙasa ne. Akwai kuma ƴan damfara da suke kira su ce ɗanka yana asibiti, a aiko kuɗi maza. A yi shawara da yaron tun yana tudu: ya faɗi kimanin kwanakin da ba za a same shi ba, ya ba da lambar wani amintacce a bariki. Shirun da aka san dalilinsa ya fi sauƙin ɗauka.

Na huɗu, a kula da jiki. Rashin barci da rashin cin abinci idan suka daɗe, ga tsoho mai hawan jini ko ciwon suga, haɗari ne. A je likita a gwada jini, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da ke damun mutum. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Na biyar, miji da mata su koma ga juna. Ya kai Alhaji, idan ka gama isha'i kada ka zarce majalisa har tsakar dare ka bar baiwar Allah da bango huɗu. Ku ci abinci tare, ka ba ta labarin kasuwa, ka saurari nata. Wanda yake ganin maganin shirun gida shi ne ya ƙara aure, shari'a ba ta hana shi ba idan zai yi adalci, amma ya sani idan ya yi haka ya manta da uwargida, ya warkar da kansa ne ya ninka mata ciwo.

Na shida, a cika ɗakin da alheri. Riƙo al'adarmu ce, kuma addini ya yarda da shi muddin ba a sāke wa yaro nasabarsa ba. Akwai jikoki, akwai marayu a dangi, akwai ɗalibin da ya zo birni karatu ba shi da masauki. Wanda ya riƙi maraya an yi masa bushara da maƙwabtakar Annabi a Aljanna. Sai dai a riƙe shi riƙon ɗa, a sa shi makaranta, kada a mayar da shi bawan talla.

Na bakwai, a koma karatu. Uwaye mata da yawa sun ce hidimar yara ce ta hana su sanin Ƙur'ani da hukuncin ibada. To ga lokaci ya samu, ga makarantun matan aure a unguwanni. Gemu ba ya hana ilmi, furfura ma haka.

7. Abin da ke kan ɗa, da abin da ke kan jama'a

Ku kuma samari da kuke nesa, idan wannan takarda ta iso gare ku, ku sani nisa ba ya sauke biyayya. Ciyar da mahaifa matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, ba kyauta ba ce. Da zarar jirgi ya taɓa gaɓa, kiran farko na uwa ne. Kada ku riƙa ba ta labarin haɗarin da kuka tsallake, kada kuma ku yi mata ƙarya. Idan an ba ku hutu, ku fara da gida kafin abokai. Wanda ya tafi ba da yardar mahaifinsa ba, kada ya gaji da neman gafara, ya aiko baffa ko kawu ko limami su shiga tsakani.

Mu kuma jama'ar masallaci muna da namu rabo. Ɗa na kowa ne, tsoho ma na kowa ne. Kowane liman da kowane ladan ya san gidajen da suka rage daga tsoho sai tsohuwa a unguwarsa. Idan aka yi kwana biyu ba a ga dattijo a sahu ba, a je a ƙwanƙwasa. Matanmu su riƙa leƙa tsohuwar, yaranmu su ɗebo mata ruwa, su karanta mata saƙon salula idan ba ta iya ba. Ran salla a kai musu gaisuwa kafin su ji shirun gidan. A kuma daina maganganun da ke ƙara tsoro, irin su "ai wanda ya shiga teku sai an gan shi". Zumunta a ƙafa take, kuma maƙwabci yana da haƙƙin da za a tambaye mu a kansa.

8. Rufewa

Bayan kwana tara da zamanmu, dattijon nan ya tsaya mana a ƙofar masallaci bayan magariba. Ya ce jirgin ya komo Ikko, yaron ya kira, shi kuma a wannan karo ya miƙa hannu ya karɓi salular. Muka ce: "Me ka ce masa, Baba?" Ya ce: "Malam, duk maganar da na shirya ta gudu. Na ce masa dai, Allah ya yi maka albarka, Allah ya tsare, ka riƙe salla. Sai na ji shiru, ashe kuka yake yi. Na miƙa wa uwarsa na shiga ɗaki."

Har yanzu yaron bai sami hutu ba, kuma jirginsu ya sāke fita. Tsohuwar ba ta daina zuba rabonsa ba, sai dai yanzu akwai mai ci: ɗan ƙanen mijinta, maraya, wanda aka ɗauko daga ƙauye aka sa shi makaranta, yana kwana a ɗakin auta. Ita kuma ta shiga makarantar matan aure, an fara mata daga Fatiha ana gyara mata karatu.

Muna kira ga duk mahaifin da yake riƙe da fushi a kan ɗansa na nesa, da ya sauke shi tun kafin ya kwanta yau, domin babu wanda ya san wa zai riga wani.

Allah ya tsare ɗiyanmu na tudu da na ruwa, ya mayar da su gidajensu lafiya. Allah ya sanyaya zukatan uwayensu kamar yadda ya sanyaya zuciyar uwar Annabi Musa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya sa mu cika da imani. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu, Allah ya yafe mana.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.